Kwana shida a Girka: kufan tatsuniya da gonakin inabi ga wanda ba ya shan giya

"Assalamu alaikum Malam. Ni likita ne a Zariya. Zan halarci wani taron aiki a Atina a watan Satumba, kuma ina da kwana shida bayan taron, ni da maiɗakina. Tun ina sakandare nake son labaran Harkilis da yaƙin Taroy, ina so in ga wuraren da idona. Amma duk tsarin tafiyar da na gani a intanet sai an haɗa da ziyarar gidajen giya, wai nan ne yankin inabinsu. Mu kuwa ba ma sha. Hanyar za ta yi mana amfani, ko mu tsaya Atina mu wuce tsibirai kamar kowa? In za ta yi, ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, Likita. In na fahimce ka, abu biyu ka naɗe wuri ɗaya: ko mutum zai iya bin wannan hanya ba tare da kofi a hannu ba, da kuma yadda za a cusa ta cikin kwana shida. Amsar ta farko, e, ƙwarai kuwa. Ni tarihi nake koyarwa, na bi hanyar sau uku, biyu a motar haya ɗaya a bas, ban taɓa kurɓar komai ba, kuma ranar da ta fi zama mini a rai cikin gonakin inabin na yi ta. Ta biyun ce ke buƙatar lissafi, don sauri kan haifi nawa.

Ka bar tsibiran zuwa wani jiƙon. Abin da kake nema yana yankin Peloponisos, wato babban yankin kudu da wata siririyar ƙasa ta haɗa da sauran Girka, sai kuma Delfi a arewa da shi.

Dalilin da ya sa ba a raba kufan da gonakin inabi

Ba dabarar 'yan kamfanin yawon buɗe ido ba ce kawai. Ƙasar duwatsu ce masu farar ƙasa, ruwanta da hunturu yake sauka, bazara kuwa ƙayau. Abin da ke jure wannan shi ne zaitun da inabi, sai alkama da sha'ir a kwari. Duk kwarin da ke da marmaro da ƙasar noma, nan mutanen da suka kafa gari, nan suka gina wurin bautarsu, nan kuma suka ɗora labarin jaruminsu. Shi ya sa in ka tsaya a kufan haikalin Nemeya, gonar inabi ce ke kewaye da kai ta kowace fuska. Sunan Diyonisos, wanda suka ɗauka ubangijin inabi, yana cikin allunan yumɓu da aka tono a Pilos, rubutun da ya haura shekara 3000, wanda Michael Ventris ya warware a 1952.

Su kansu tsoffin Girkawan ba su ɗauki giya abin wasa ba. Suna da labarin wani manomi, Ikariyos, wanda Diyonisos ya fara koya wa matse inabi. Ya ɗiba ya ba makiyaya, suka sha suka bugu, suka zaci sammu ya ba su, suka kashe shi suka binne. Karyarsa ce ta kai 'yarsa Erigoni wurin gawar, ita kuma ta rataye kanta a bishiyar da ke wurin. Mutanen da suka ƙirƙiri wannan labari su ne kuma ke surka giyarsu da ruwa a wata babbar randa kafin su sha, suna kallon mai shan ta tsura a matsayin bagidaje.

Hukuncin shiga gidan da ake matse giya don kallo kawai, wannan ba fagena ba ne, ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Abin da zan ce shi ne ba dole ba ne. Gonakin a bakin titi suke, ba su da katanga.

Ranar farko

Ka ɗauki mota a Atina da sassafe. A hannun dama suke tuƙi kamar mu, amma ka tafi da lasin ƙasa da ƙasa, ka kuma faɗa tun wajen ajiye mota in ba ka son mai giyar hannu, don ita ta fi yawa. Manyan titunan akwai kuɗin hanya.

Wajen kilomita 20 daga Atina akwai Elefsina, garin matatun mai da hayaƙi, yawancin baƙi wucewa suke yi. Ka ba shi awa ɗaya. Akwai wani ɗan kogo a jikin dutse da suka ce ƙofar lahira ce, ta nan Hadis, sarkin lahira a tatsuniyarsu, ya shige da Persefoni 'yar Dimita, uwar amfanin gona. Uwar ta yi fushi ta hana ƙasa tsiro har aka dawo mata da 'yarta, sai dai yarinyar ta riga ta ci ƙwayar rumman a can, don haka dole ta riƙa komawa wani ɓangare na kowace shekara. Bayanin rani da damina ke nan a wurinsu.

Daga nan sai mashigin Korinti, kimanin kilomita 80 daga Atina. An buɗe shi a 1893, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 6, an yanka dutse tsaye kamar da wuƙa. Minti goma a kan gada ya isa. Tsohuwar Korinti tana gaba kaɗan, da ginshiƙai bakwai na haikalin Apolo, ɗaya daga cikin allolinsu. Amma ni abin da nake kai mutane su gani shi ne dutsen da ke bayanta, Akrokorintos, mai tsayin mita 575. Mota na hawa har ƙofar ganuwa. Sarkin garin a tatsuniya shi ne Sisifos, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa saman tudu, in ya kusa kaiwa ya kuɓuce ya dawo ƙasa, har abada. In ka hau da ƙafa daga ƙofa zuwa ƙololuwa da rana tsaka za ka gane inda mai labarin ya samo tunaninsa. A cikin ganuwar akwai kangon masallaci na zamanin Daular Usmaniyya, da guntun hasumiya.

Ka kwana a Nafpliyo, ka kuma kama ɗakin na kwana uku. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci a duk abin da zan faɗa maka. Garin yana bakin teku, kuma Nemeya da Mikines da Epidauros duk ba su kai tafiyar awa ɗaya daga gare shi ba. Babu ɗaure jaka da kwance jaka kullum, Hajiya za ta gode maka. Shi ne babban birnin ƙasar kafin a mayar Atina a 1834, kuma ginin da majalisarsu ta farko ta zauna a ciki asalinsa masallaci ne, yana nan kusa da babban dandalin garin.

Nemeya ta ci yini guda

Masu shirya tafiya awa biyu suke ba Nemeya, rabinsa ma a ɗakin ɗanɗano. Kuskure ne.

Nan ne aikin farko cikin ayyuka goma sha biyu da sarki Yuristiyos ya ɗora wa Harkilis: zakin da kibiya ba ta huda fatarsa. Ya bi shi kogo mai baki biyu, ya toshe ɗaya, ya shiga ta ɗayan ya shaƙe shi da hannu. Wuƙa ta ƙi cin fatar, sai da ya feɗe shi da faratansa. Da ya dawo da gawar a kafaɗa, sarkin ya tsorata har ya sa aka ƙera masa randar tagulla da zai riƙa shigewa ciki duk lokacin da Harkilis ya doso gari. Wannan randar ce ke ba ɗalibaina dariya fiye da komai.

Za a nuna maka kogo a ce shi ne. Ka ɗauke shi yadda kake ɗaukar rijiyar Kusugu a Daura. Mai zuwa Kusugu ba hujjar cewa Bayajidda ya sare macijiya yake nema ba, so yake ya tsaya inda mutane suka ajiye labarin asalinsu. Kamannin ma ya wuce haka: a Lerna, minti kaɗan daga Nafpliyo, macijiya mai kawuna da yawa da Harkilis ya kashe a bakin marmaro take, Kadmos ma da ya kafa garin Tiba sai da ya kashe macijin da ya tsare ruwa. Inda ruwa ke da wuya, jarumi shi ne wanda ya buɗe wa mutane hanyar rijiya.

Abin da ba tatsuniya ba shi ne haikalin Ziyus, babban allolinsu, da aka gina wajen shekara ta 330 kafin Miladiyya. Ginshiƙai uku ne suka tsaya tun asali, masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ƙarƙashin Stephen Miller, waɗanda suka yi aikin haƙa a wurin tun shekarun 1970, suka sake tada wasu. Ɗan gaba kaɗan akwai filin tsere. Wasannin Nemeya sun fara a 573 kafin Miladiyya, ladan wanda ya ci kuwa rawanin ganye ne kawai. Ana shiga filin ta wani rami mai baka, tsawonsa kamar mita 36, wanda 'yan wasa ke bi. Ka tafi a hankali ka dubi bango daidai kafaɗarka. Samarin da ke jiran a kira sunansu sun karce duwatsun da rubutu. Wani ya rubuta sunansa, Telestas. Wani ya rubuta "na ci", tun bai shiga fili ba. Ka fito daga duhu zuwa haske, ga layin dutse na tashi da ramuka biyu na sa yatsun ƙafa. Na cire takalmi na sa nawa, sun zauna daidai. Tun 1996 mutanen yankin suka farfaɗo da tseren, duk bayan shekara huɗu, ba takalmi, kowa na iya shiga.

Da yamma ka hau mota ka bi hanyoyin ƙauye zuwa tudu, wajen Kutsi. Inabin yankin sunansa Ayoryitiko, wato na Waliyyi Jojis, daga tsohon sunan garin, baƙi ne mai duhu, kuma jar giyar da ake yi da shi suna mata kirari da jinin Harkilis. Yaya ɗanɗanonta yake, wannan sai mai sha. Amma Satumba lokacin girbi ne, kuma inabin kansa halal ne a bakin kowa. Za ka ga taraktoci na jan akwatunan roba cike, ƙudan zuma na bin su, titi ya yi danƙo da ruwan da ya ɗiga. A zuwana na biyu na tsaya ɗaukar hoto, wani dattijo da almakashin yanka a hannu ya yafito ni, ya yanko nono guda ya miƙo mini a kan ganye. Ƙananan 'ya'ya ne, fatar da kauri, da ƙwallo a ciki, da zaƙi har yana kama maƙogwaro, ba irin manyan nan na shagon kanti masu ruwa-ruwa ba. Na ciro kuɗi, ya ɗaga gira sama ya yi ɗan tsaki. A wurinsu wannan ba raini ba ne, "a'a" ke nan. Ka kuma riƙe cewa in Bagirke ya ce "ne", "e" yake nufi.

A gidajen burodi ka nemi abin da ake yi da ruwan inabin da bai fara tsami ba, wanda suke kira mustos. Akwai mustalevriya, wani abu kamar kamu mai kauri da ake barbaɗa wa goro irin nasu da kirfa, ba a samun sa sai da kaka. Akwai petimezi, ruwan inabi da aka dafa har ya zama kamar maɗi, wanda zai iya biyo ka Zariya a kwalba. Sai zabibi. Ƙaramin baƙin zabibin nan mara ƙwallo, daga wannan gaɓa ta Korinti zuwa Eyo da Patra yake fitowa, ana shanya shi daga Agusta zuwa farkon Satumba kamar yadda ake shanya tattasai a wajenmu. A ƙarni na 19 shi ya riƙe tattalin arzikin ƙasar kamar yadda gyaɗa ta riƙe Kano. Da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, Faransawa suka yi ta sayen sa, manoma suka faɗaɗa gonaki. Da gonakin Faransa suka farfaɗo suka ƙara masa haraji, farashi ya faɗi warwas, a ƙarshen 1893 Firayim Minista Trikupis ya shaida wa majalisa cewa ƙasa ta tsiyace. Yawan Girkawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a shekarun da suka biyo baya daga ƙauyukan nan suka fito.

Mikines da asibitin mafarki

Tunda yaƙin Taroy ne ya kawo ka, Mikines ce gidanka. Taroy ɗin kanta tana Turkiyya a yau, amma nan ne fadar Agamemnon da ya jagoranci rundunar. Ka isa da an buɗe ƙofa, kafin manyan bas su sauke mutane, don babu inuwa a kan tudun. Ƙofar Zakuna tun wajen 1250 kafin Miladiyya take tsaye. Duwatsun ganuwar sun yi girman da Girkawan baya suka ce ba mutum ya ɗora su ba, ƙattin nan masu ido ɗaya ne. Da ka shiga, a hannun dama, ga kaburburan da Heinrich Schliemann ya tono a 1876 ya samu fuskar zinariya da ake kira ta Agamemnon. Fuskar tana babban gidan tarihi na Atina, ka gan ta tun kana wajen taro. Amma ta girmi lokacin da ake ɗora yaƙin da kusan shekara 300, mai ita wani sarki ne da ba a san sunansa ba. Kada ka tsallake babban kabarin da ke ƙasa da tudun, wanda ake kira Taskar Atriyos: ɗaki ne kamar rumbu, tsayinsa ya kai mita 13, dutsen da ke saman ƙofarsa kaɗai ana ƙiyasta shi da tan 120. In matakalar rijiyar ɓoye da ke can ƙarshen fadar a buɗe take, ka kunna fitilar waya ka sauka, amma santsi ne da ita.

Bayan la'asar ka tafi Epidauros. Kowa gidan wasan kwaikwayon yake zuwa gani, mai ɗaukar mutum kusan 14,000, inda za ka tsaya a tsakiya ka yi magana Hajiya ta ji ka daga sahun ƙarshe. Kai kuwa, Likita, ka wuce can ciki. Wurin Asklipiyos ne, wanda suka ɗauka ubangijin magani, mai sandar da maciji ya naɗe, wadda ke jikin tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Majiyyaci kan yi wanka, ya ba da hadaya, ya kwana a wani dogon ɗaki yana jiran magani ya zo masa a mafarki. A ɗan gidan tarihin wurin akwai allunan dutse da aka rubuta waɗanda suka warke da cutar kowane, akwai kuma kayan fiɗa na tagulla. Waɗanda ba su warke ba dai babu allonsu.

Inda lissafi ke shigowa

Saura kwana uku, ga Olimpiya a can yamma, ga Delfi a arewa. Ana iya haɗa su: rana ta huɗu tuƙin kusan awa uku zuwa Olimpiya ta Tripoli, ta biyar ka ga wurin da safe ka wuce Patra ka haye gadar Riyo da aka buɗe a 2004 ka kwana Delfi, ta shida ka ga Delfi ka koma Atina. Wannan sai in jirginka na rana ta bakwai ne. In a ta shida zai tashi, ka yar da Olimpiya ka tafi Delfi kai tsaye, ka ƙara kwana a can. Na san abin da zafi, amma na taɓa ƙoƙarin haɗa su a matse, abin da na riƙe daga ranar bayan babbar mota ne kawai.

In ka je Olimpiyar, hanyar ta bi ta tudun Mantiniya, yankin wani inabin mai ƙamshi da ake kira Moskofilero, wanda ke nuna a makare saboda sanyin wurin. A gidan tarihin Olimpiya za ka ga ayyukan Harkilis goma sha biyu sassaƙe a dutse, har da zakin Nemeya kwance ƙarƙashin ƙafarsa, da mutum-mutumin Hamis, ɗan aiken allolinsu, riƙe da jaririn Diyonisos, hannun damansa ya karye, masana na ganin nonon inabi yake nuna wa yaron. Ka gaya wa Hajiya cewa a da matar aure ba ta da izinin kallon wasannin, sannan ku yi tseren mita 192 ɗin tare.

Delfi kuwa a rataye take a jikin dutsen Parnasos, ƙarƙashinta kurmin zaitun har bakin teku. Sun ce Ziyus ya saki gaggafa biyu daga bangon duniya biyu suka haɗu a nan, don haka nan ne cibiyar duniya. Nan Apolo ya kashe macijin Piton, nan bokanyarsu take zama a kan kujera mai ƙafa uku sarakuna na aiko mata da tambaya. Sarki Krisos na Lidiya ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa in ya yi zai rusa babbar daula. Ya yi, ya rusa tasa. Maganar boka a ko'ina baki biyu gare ta. Wata uku na hunturu kuma, a cewarsu, Apolo kan yi tafiya ya bar wa Diyonisos wurin, ka ga har nan inabin ya biyo ka.

Abinci, salla da takardu

Abin da za ka kiyaye ya fi yawa a faranti fiye da a kofi. Tsiren da suke kira suvlaki da naman nan mai juyawa, yiros, yawanci alade ne in ba ka ce komai ba. Kalmar ita ce hirino. Kaza kotopulo, rago arni, kifi psari. Duk abincin da sunansa ya ƙare da krasato da giya aka dafa shi, kuma miyar nama da yawa ana ɗiga mata, don haka ka koyi cewa "horis krasi", wato ban da giya. Mafi sauƙi shi ne kifi gasasshe, da miyar wake fasolada, da tumatir da aka cusa wa shinkafa, da ganyen inabi naɗe da shinkafa, amma ka tambaya ko an sa niƙaƙƙen nama. Wani abu kuma: bayan cin abinci mai gida kan kawo kyauta. A wani gidan abinci a ƙauye an ajiye mini ɗan ƙaramin kofi mai ruwa garau, na kai baki ke nan warin ya dakatar da ni. Tsipuro ne, barasa mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto", ka ture shi gefe, ba wanda zai ji haushi, sau da yawa ma sai su sauya maka da kankana.

Masallacin da gwamnati ta gina a Atina yana unguwar Votanikos, an buɗe shi a 2020. A kan wannan hanya kuwa dardumarka ce masallacinka. Alƙibla kudu maso gabas take daga can, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas kai tsaye.

Ka duba bizarka ta Shengen tun yanzu, ka tabbata kwanakin da aka ba ka da inshorar lafiyarka sun rufe kwana shidan nan, ba ranakun taro kaɗai ba. Kuɗin shiga wurare da lokutan rufewa suna sauyawa, ka tambaya a masaukinka kowace yamma kafin gobe. In tuƙin ne ba ka so, bas ɗin KTEL na zuwa Nafpliyo daga tashar Kifisos, na Delfi kuma daga tashar Liyosiyon yake tashi, tashoshi biyu ne daban. Sai dai bas ba zai tsaya maka a bakin gona ba, ranar Nemeya sai ka yi jinga da mai tasi na yini guda daga Nafpliyo, ku yanke kuɗi kafin ka shiga.